Dankali Da Tsutsar Ƙullin Saiwa: Wane Iri Za Ka Dasa?

Bara da kaka na je rangadi wajen Riruwai, na tarad da wani dattijo yana haƙar dankali a gonarsa ta gindin dutse. Ganye ya yi kyau, amma abin da ya fito daga ƙasa duk ya tsattsage, ga ƙuraje a jikin ɓawo. Ya ce mini shekara uku ke nan ana haka, ya ƙara taki bai ga canji ba, dillalai kuwa ba su taya irin wannan dankali da daraja. Kunyoyi biyu na gefe, waɗanda ya dasa da ganyen da ya samo wurin surukinsa, su nasu sumul. Gona ɗaya ce, kuma ruwa ɗaya suka sha. To, wannan shi ne karatunmu na wannan mako.

Mece Ce Wannan Tsutsa?

Wata 'yar tsutsa ce da ke zaune cikin ƙasa, masana suna kiranta nematod. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita, gama tsawon ƙaramarta bai wuce rabin milimita ba. Wani Bature mai suna Berkeley ya fara ba da labarinta a Ingila cikin 1855, a saiwar kokwamba. Cikin 1949 wani masani na Amurka, Chitwood, ya nuna cewa ba iri ɗaya ba ce, dangi ne masu yawa. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ƙaramar takan shiga ta bakin saiwa, ta kafa kai wuri ɗaya, ta sa naman saiwar ya kumbura, ta zauna tana tsotsar abincin shuka. Macen takan yi ƙwai ɗaruruwa. In ƙasa da ɗumi da laima, daga ƙwai zuwa ƙwai kamar mako huɗu ne. Dankali kuwa yakan yi wata uku zuwa huɗu a gona, watau tsutsar ta hayayyafa sau uku ko fi kafin a haƙe. Ta fi son jigawa da ƙasa mai tsakuwa-tsakuwa, irin wadda ba a rasa ba a gindin duwatsun Riruwai da Doguwa. Tana kuma jin daɗin lambu, domin ƙasar lambu ba ta bushewa. Masu noman rani da ruwan Tiga, tun da aka gama madatsar cikin 1974, su ne ya kamata su fi kowa lura.

Yadda Za Ka Gane Ta

Kada ka ɗora mata kowane laifi. Ƙwaron dankali yakan huda rami a ciki, ya bar ɗaci da wari. Ruwa mai yawa bayan fari shi ma yakan tsaga dankali. Alamun tsutsa su ne waɗannan:

1. Shuka takan yi yaushi da rana ko da ƙasa da laima, kuma ciwon yakan zo fili-fili cikin gona, ba ko'ina ba.
2. Ƙananan saiwoyi sukan yi 'yan ƙulle-ƙulle, su gajarce.
3. Dankalin yakan tsage, ko ya yi ƙuraje. In ka fere shi da wuƙa za ka ga ɗigo-ɗigo masu duhu ƙarƙashin ɓawo.

In kana shakka, tuge kuɓewa ko tumatir daga wannan wuri ka duba. A saiwarsu ƙullin ya fi fitowa sarai. Amma kada ka ruɗe da 'yan ƙwayoyin da ke jikin saiwar gyaɗa da wake. Waɗannan masu amfani ne, suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma in ka murza su da yatsa sai su faɗi. Ƙullin tsutsa ba ya faɗuwa, gama saiwar ce da kanta ta kumbura.

Iri Ya Fi Iri

Abin da ya faru a gonar dattijon nan sananne ne. Akwai irin dankalin da in tsutsa ta shiga saiwarsa ba ta samun wurin zama. Naman da ke kewaye da bakinta ba ya kumbura ya ciyad da ita, sai ta rame, ko ta mutu ba ta yi ƙwan kirki ba. Wannan shi ne iri mai tsayayya. Akwai kuma iri mai haƙuri: yana ba da amfani ko da tsutsa na cinsa, amma yana ƙara mata yawa, ya bar wa tumatirin da zai biyo baya wahala. Mai tsayayya shi ne abin nema.

A Amurka an daɗe ana gwada wannan. Wani iri mai suna Beauregard, wanda aka fitar a Luwiziyana cikin 1987, yana da yawan amfani, amma tsutsa tana cinsa ƙwarai. Wani kuma, Covington, na Karolina ta Arewa, wanda aka fitar cikin 2005, yana tsaya wa tsutsar da ta fi yawa can. Amma ga inda maganar Chitwood ta komo. Akwai wata 'yar'uwarta da aka fara bayyanawa a tsibirin Hainan na ƙasar Sin cikin 1983, wadda ake kira tsutsar gwaiba. Da ta isa gonakin Karolina, sai ta ci Covington kamar ba shi da wata tsayayya. An kuma same ta a Nijeriya jikin doya. Abin sha'awa, da masana suka shiga neman irin da zai tsaya mata, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice shi ne wani dankalin manoman Afirka ta Gabas mai suna Tanzania.

Darasi biyu ke nan. Na fari, irin gargajiya ba abin rainawa ba ne. Na biyu, irin da ya tsaya a wata ƙasa ba lalle ya tsaya a taka gona ba.

A nan gida, Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Umudike ta fitad da dankali mai jan ciki: King J cikin 2012, Mother's Delight cikin 2013, da Solo Gold cikin 2018. An fitad da su musamman domin bitamin A, mai gyara ido da lafiyar yara. Abin kirki ne, amma jan ciki daban, tsaya wa tsutsa daban. Su ma a gwada su.

Gwaji A Gonarka

Ba ka bukatar kuɗi. Zaɓi wurin da ciwon ya fi tsanani. Samo iri uku ko huɗu: naka, na maƙwabta, da sabon iri in ka samu. Dasa kunya ɗaya ta kowane iri, sa'an nan ka sake jera su haka har sau uku, domin kada wani iri ya faɗa wuri mai kyau shi kaɗai ya ruɗe ka. Dasa su rana ɗaya, taki ɗaya, noma ɗaya. Kafa turke a bakin kowace kunya don kada ka manta.

Ran haƙa, tara na kowane iri dabam. Ware masu kyau da masu tsaga, ka auna da kwando. Wanke ƙananan saiwoyi ka duba ƙulli. Irin da ya ba ka kwanduna masu kyau, saiwarsa kuma ba ƙulli, shi za ka ajiye. Sake gwajin baɗi kafin ka cika gona da shi.

Abin Da Zai Taimaki Irin Kirki

Ko iri ya yi kyau, kada a bar shi shi kaɗai da yaƙin.

Yanki ganyen dashe daga kan yaɗo, tsawon kamar ƙafa ɗaya, wanda bai kafa saiwa a ƙasa ba. Tsutsar a saiwa da ƙasa take, ba a ganye ba, saboda haka irin wannan yanka ba ya kai ta sabuwar gona.

Kada dankali ya bi tumatir, ko kuɓewa, ko gauta, ko rama, ko dankalin Turawa, gama duk abincinta ne. A sa dawa ko gero ko gyaɗa shekara biyu tsakani.

Bayan haƙa, tattara ruɓaɓɓun dankali da saiwoyi ka ƙone. Kafce ƙasar da rani, rana ta gasa ta. Zuba takin gida wanda ya ruɓe sosai. Kankare fartanya da garma kafin ka wuce wata gona.

Wanda ya ga waɗannan alamu a Bebeji, ko Ƙiru, ko Tudun Wada, ko Doguwa, ya tuge shuka da saiwarta da ƙasarta ya kai wa malamin gona na kusa. Wanda kuma ya yi gwajin, ya rubuto mana sunan irin da ya ci, da garinsa, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.