Darasi na 18: Kiɗa da zane a Kilomita Biyar

Bangi shi ne babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Yana bakin kogin Ubangi. A cikinsa akwai wata unguwa da ake kira Kilomita Biyar, domin tsakaninta da tsakiyar gari kilomita 5 ne. A nan babbar kasuwa take, a nan kuma babban masallaci yake. Tun zamanin Turawa fatake suka zauna a wurin: Hausawa, Filani, Barebari da Larabawan Cadi.

Yaran da suka tashi a unguwar cikin shekarun 1980 yau sun zama iyaye. Sun girma da harsuna uku. A gida Hausa, a kasuwa Sango, a makaranta Faransanci. Idan suka zauna hira, abu biyu ne ba sa mantawa: kiɗa da littattafan zane.

Da safe muryar Mamman Shata ke tashi daga kaset a shagon tela. Can gaba kaɗan, rediyo na busa kiɗan rumba na Kwango, wanda ya ƙetaro kogi. Da yamma sai a ji Zokela, wata ƙungiyar makaɗa da ta fito daga Mbaïki a farkon shekarun 1980. Yaro guda yakan ji duka ukun kafin rana ta faɗi.

Sayen jita ya fi ƙarfin yara, saboda haka sai su ƙera nasu. Sukan samo gwangwanin madara, da sanda, da wayar birkin keke. Su huda gwangwanin, su zura sandar, su ɗaura wayar. Nan suke gane wani abu: idan waya ta yi tauri, murya sai ta hau, idan ta saki, murya sai ta sauka.

Haka kalangu yake. Tsakiyarsa siririya ce, bakinsa biyu an rufe da fata, tsirkiyoyi kuma sun haɗa fatun. Makaɗi yakan sa shi a hammata. In ya matse, sauti ya hau. In ya sassauta, sauti ya sauka. Hausa ma harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa ake cewa kalangu yana magana. Mai koyo ba ya fara da kiɗan biki. Sai ya daɗe yana riƙe wa maigidansa kaya, yana saurare, kafin a ba shi makaɗi. Sannu ba ta hana zuwa.

Wurin abokansu na makaranta kuma suka san sanza. Ɗan katako ne da aka jera wa ƴan ƙarafa, ana taɓa su da manyan yatsu. Dogon ƙarfe yana ba da babbar murya, gajere yana ba da siririya. Wannan ya koya wa wancan sanza, wancan ya koya masa kalangu.

Littafin zane shi ne labarin da aka jera cikin ƴan akwatuna, maganar kowa tana cikin wani kumfa kusa da bakinsa. Wanda yara suka fi sani shi ne Kouakou. Mujalla ce da aka fara bugawa a Faransa a 1966 domin yaran Afirka, ta tsaya a 1998. Jarumin ciki yaro ne baƙar fata kamarsu. A Bangi ma an buga wata mai suna Tatara, wato madubi da harshen Sango.

Littafi ɗaya yakan zagaya unguwa har bangonsa ya yage, a liƙe shi da ƙaro. Wanda ya iya Faransanci ya karanta, ya fassara wa ƙannensa da Hausa. Ƙananan su bi hoto da yatsa, har su gane kalmar da ke cikin kumfa. Da yawa ta haka karatu ya zauna musu.

A watan Disamba na 2013 faɗa ya ɓarke a Bangi. An kashe mutane, an ƙone gidaje. Dubban mazauna Kilomita Biyar suka gudu Cadi da Kamaru. Mai gudu ba ya ɗaukar ganga ko littafi. Amma abin da ke cikin kai ba ya ƙonewa. Didier Kassaï, mai zane ɗan ƙasar, ya zana abin da ya gani cikin littafinsa Tempête sur Bangui, wanda ya fito a 2015. A ranar 30 ga Nuwamba na shekarar, Fafaroma Francis ya ziyarci babban masallacin unguwar, ya yi kira ga Musulmi da Kirista su zauna lafiya.

Iyayen da suka tuna kwanakin da suna ba ƴaƴansu labari, don su san cewa ɗan kalangu da ɗan sanza sun taɓa zama kan benci guda.

Kalmomi
jita: la guitare
tsirkiya: la corde
littafin zane: la bande dessinée
kumfa: la bulle

Tambayoyi
1. Me ya sa ake kiran unguwar Kilomita Biyar?
2. Da waɗanne kaya yara ke ƙera jita?
3. Yaya makaɗi ke sa muryar kalangu ta hau?
4. Mece ce ma'anar Tatara?
5. Ta yaya littafin zane ya taimaki ƙananan yara?

Aiki
A raba takarda gida huɗu. A zana labarin wani makaɗi na garinku. A rubuta maganarsa da Hausa, sannan da Faransanci.