Karatun Ido da Karatun Zuciya

Ya kai ɗan'uwa da ka shigo hanyar Yesu Almasihu kwanan nan, da kai kuma da kake bakin ƙofa kana bincike tukuna, ga wata magana da ta kamata ka sani tun da wuri. Littafi Mai Tsarki ɗaya ne, ba ya sākewa, amma mai karanta shi yana sākewa. Surar da ka karanta bara ba ta ce maka kome ba, mai yiwuwa ne bana ka karanta ta hawaye su zubo maka. Ba a ƙara mata ko wasali ɗaya ba. Kai ne ka sha wani abu tsakanin bara da bana. Hausawa sun ce jiki magayi.

Dubi masuntan Wudil. Idan an karanta sura ta 5 ta Bishara ta hannun Luka a gaban malamin makaranta da masunci, ba abu ɗaya za su ji ba. Malamin zai ji cewa Siman ya kwana yana fama bai kama kome ba, ya wuce. Amma masunci ya san wannan dare. Ya san sanyin kogi da asuba, da nauyin taru jiƙaƙƙe wanda ba kome a ciki, da kunyar komawa gida hannu wofi yara suna duban ƙwarya. Ya kuma san abin da malamin bai sani ba, watau yadda yake da wuya gwanin sana'a ya karɓi umurni daga bakin wanda ba masunci ba, bayan ya riga ya wanke tarunsa. Saboda haka sa'ad da ya ji Siman ya koma cikin zurfi ya sāke zuba taru bisa ga maganar Yesu kaɗai, shi ne zai gane girman wannan biyayya. Haka kuma mai ginin tukwane, idan ta ji labarin da ke cikin sura ta 18 ta littafin Irmiya, inda tukunya ta lalace a hannun magini, bai yar da yumɓun ba, sai ya sāke gina wata da shi, ba ta bukatar mai fassara. Ta yi wannan da hannunta sau da yawa, ta san ba ƙiyayya ke sa a rushe ɗanyar tukunya ba.

Kada fa ka rena sana'arka ko wahalarka, kana cewa sai masu ilimi ke gane Littafi. Ubangijinmu da kansa ya yi koyarwa da iri da ƙasa, da tumaki, da yisti cikin gari, da kuɗin da ya ɓace a ɗaki, domin talakawa su ji.

Ga misali mafi nauyi daga ƙasarmu. Tun daga 1937 mishan ta SIM ta karɓi aikin jiyyar kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, a Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. A zamanin nan babu magani mai ƙarfi, sai wani mai da ake yi wa mutum allurarsa, mai zafi ƙwarai, warkewa kuwa ba tabbas. Mutumin da ya je can ya riga ya san yadda ake ware masa ƙwaryar shan ruwa, da yadda abokin wasansa ke ɓoye hannu cikin riga idan sun gamu. To, ka yi tunanin irin wannan mutum yana jin ƙarshen sura ta 1 ta Markus. Ni da kai mukan lura da cewa kuturun ya warke. Shi kuwa abin da zai fara kama zuciyarsa shi ne Yesu ya miƙa hannu ya taɓa mutumin tun cutar tana jikinsa, ko da yake yana da iko ya warkar da shi da magana daga nesa, kamar yadda ya yi wa kutare goma a sura ta 17 ta Luka. Shari'ar Musa, a sura ta 13 ta littafin Firistoci, ta sa kuturu ya zauna shi kaɗai a bayan zango. Wanda bai taɓa zama bayan zango ba, da ƙyar ya ga wannan hannu. (Bari in faɗa a nan, tun da maganar ta zo: yau kuturta tana warkewa sarai. Tun 1981 ake haɗa magunguna a sha na watanni, kyauta kuma ake bayarwa. Wanda ya ga tabo a fatarsa wanda ba ya jin taɓawa, ya tafi asibiti da sauri, kada ya ɓoye. Ɓoyewa ba bangaskiya ba ce.)

Amma akwai rami a gefen wannan hanya, sababbin masu bi kuwa sun fi kowa faɗawa ciki. Abin da ka sha yana buɗe maka Littafi, amma ba shi ne alƙalin Littafi ba. Mutum yakan tuba, bayan wata biyu sansa ya mutu, ko ɗansa ya kwanta ciwo, ko 'yan'uwansa su hana shi gonar gado, sai ya ce a ransa, lalle Allah yana fushi da ni, na ɓata hanya. Wani kuma ya kai shanu kara ranar Juma'a ya sami riba mai yawa, sai ya ce Allah ya yarda da dukan halinsa, har da ƙaryar da ya yi wa mai saye. Su biyu ɗin sun mai da abin da ya same su ya zama nassi.

Ka ji labarin mutanen Gimi. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya dukufa kan binciken al'amarin Annabi Isa, har aka kashe shi saboda koyarwarsa, almajiransa suka watse wajen Ningi. Ana kiransu Isawa. A 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka zo Zariya wurin Likita Mila na mishan ta CMS, suna neman ƙarin sani. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka yi gonaki, suka shiga karatu, aka yi wa waɗansu baftisma. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, har aka tashi daga wurin. Mai kallo daga waje, da ya ga kaburburan nan, da sauƙi ya ce ga sakamakon barin hanyar iyaye. Ƙudan tsando ne ke kawo wannan ciwo, yana cizon mai bi da marar bi, ba ya tambaya. Waɗanda suka ragu kuwa suka riƙe bangaskiyarsu, zuriyarsu tana cikin jama'ar da ta zauna a Wusasa tun daga 1929. Bayan shekara uku, a 1932, aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Mila ya ba yawancin ƙarfinsa.

Littafin da kansa ya riga ya tsare mu daga wannan kuskure. Abokan Ayuba uku sun zauna tare da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, a nan ne suka yi kyau. Da suka buɗe baki suka ce wahalarsa hakkin zunubinsa ce, a ƙarshe Allah ya tsauta musu. A sura ta 9 ta Yohanna kuma almajirai sun ga makaho tun daga haihuwa, suka so su san ko laifin wa ne, nasa ko na iyayensa, Yesu ya ƙi duka biyun. Don haka idan masifa ta same ka, ka binciki zuciyarka da gaskiya. In akwai zunubi, ka tuba, ka mayar da abin da ka ci na wani. In babu wanda ka sani, kada ka ƙirƙiro shi domin ka sami dalili.

Me za ka yi ke nan? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka karanta kowace rana tun kana lafiya, har wuraren da ba su yi maka daɗi ba, gama surar da ta zama maka busasshiya yau ita ce za ka nema ran da aka yi maka rasuwa. Kada ka riƙa buɗe Littafi da ka kana ɗora yatsa bisa aya kamar mai duba. Wannan halin bokaye ne, an canja masa riga kawai. In wata aya ta taɓa ka ƙwarai har ka ga kamar domin kai aka rubuta ta, ka karanta abin da ke gabanta da abin da ke bayanta, sa'an nan ka kai ta wurin dattijo cikin ikilisiya ka ce, Baba, ga abin da na gani, ko haka ne? Shi ya binne 'ya'ya, ya ga fari, ya ga shekarar ƙoshi, zai ga abin da ya ɓuya maka. Kai ma kana da abin da za ka nuna masa, musamman in ka baro gidan da ba a son ka tuba, gama shi mai yiwuwa an haife shi cikin bangaskiya, bai san wannan farashi ba.

Wanda bai iya karatu ba, kada ya ji kunya. Ya sa ɗansa ko maƙwabcinsa ya karanta masa da yamma bayan an dawo daga gona. Ku fara da Markus. Sura 16 ce kaɗai, ita ce mafi gajarta cikin Bishara huɗu, kuna iya gama ta cikin mako biyu da kwana biyu in kun ɗauki sura ɗaya kowane dare.