Darasi Domin Masu Hawan Babur: In Inji Yana Juyi Amma Ya Ƙi Tashi

Da yawa daga cikin masu bisharanmu suna lura da ƙauye uku ko huɗu, babur kuwa shi ne ƙafarsu. Da shi a ke zuwa sujada, da shi kuma a ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Babur ɗin nan da baikon ekklesiya aka saye shi. Saboda haka ya kamata kowane mai hawansa ya san abin da za ya yi ran da ya buga kik, inji ya juya, amma ya ƙi tashi.

Inji yana bukatar abu uku: wuta, da mai gauraye da iska, da matsi. In ɗaya ya ɓace, ko mutum ya yini yana buga kik sai dai ya jiƙe da gumi. Mu bi su ɗaya ɗaya, mu fara da mai sauƙi.

Da fari a duba makulli, da maɓallin kashe inji da ke hannun dama, in babur yana da shi, gama yara suna son taɓa shi. Sa'an nan a buɗe tanki, a girgiza babur, a ji ko akwai mai. A duba famfon mai da ke ƙarƙashin tanki. In mai ya yi ƙasa a juya shi zuwa wurin da aka rubuta RES. In an ji tanki ya ja iska lokacin da aka buɗe murfi, ƙaramar kafar murfin ce ta toshe, mai ba ya iya sauka. Kada a yi saurin ɗora wa batir laifi. In sitata tana juya inji da ƙarfi, batir yana da rai.

To, sai fulogi. A nan muna so mu daɗe, domin fulogi shi ne mai ba da shaida a kan abin da ke faruwa cikin inji. A kwance shi da sifanarsa, a duba bakinsa. In ya bushe ƙayau bayan an buga kik sau da yawa, mai ba ya isowa. In ya jiƙe yana warin fetur, mai ya yi yawa, ko kuwa babu wuta. In ya yi baƙi da kunkunniya, inji yana shan mai fiye da iska. A duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu ta kan toshe, a kuma duba ko an bar cok a rufe. In kuwa baƙin mai ne ya shafe shi, ringin fistan ya fara gajiya.

Ga yadda a ke gwada wuta. A mayar da fulogi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, nesa da ramin da ya fito, a buga kik. A riƙe ta wurin roba kaɗai. Wuta shuɗiya mai ƙara, ita ce lafiyayya. Ja ko rawaya mai rauni ba ta isa ba. Tazarar bakin fulogi a ƙananan babura kamar milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. In ba wuta sam, a gwada sabon fulogi. In shi ma bai ba da wuta ba, laifin yana ga hula, ko waya, ko kwayil, ko ƙaramin akwatin nan da a ke kira CDI.

Inji da ya sha mai da yawa maganinsa ba wuya. A rufe famfon mai, a buɗe cok, a kashe makulli, a bar fulogi a waje, a murɗa totur har ƙarshe, a buga kik kamar sau goma. A shanya fulogi, a mayar, a buɗe mai, a tayar. Mun ga waɗansu suna gasa fulogi a wuta kusa da babur, waɗansu kuma suna leƙa tanki da ashana ko aci-bal-bal. Muna roƙonku kada ku yi haka. Tururin fetur yana kama wuta daga nesa. A yi amfani da tocila.

In fulogi a bushe ya ke, a cire tiyon da ke kai mai zuwa kafireta, a ga ko mai yana zuba sosai. A gindin kafireta akwai ƙaramin sukuru. A sassauta shi, a tari abin da ya fito cikin kwalba mai haske. Ruwa ya fi fetur nauyi, za a gan shi kwance a ƙasa. Wannan ya kan faru da damina, da kuma ga masu sayen man galan a bakin hanya. Mun san tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa yana neman arha, amma man da aka gauraya ya kan ci kuɗi fiye da na gidan mai. Babur da aka ajiye wata da watanni kuma, tsohon mai ya kan yi danƙo ya toshe jet, sai an wanke.

Na uku shi ne matsi. Da makulli a kashe, a toshe ramin fulogi da babban yatsa, wani ya buga kik. Lafiyayyen inji za ya ture yatsan da ƙarfi. In iska ta fito a raunane, kik kuma yana sauka ba nauyi, to, bawul ne ko ringi. Wannan aikin makanike ne. A kai masa, a gaya masa dukan abin da aka riga aka gwada, domin kada ya sa ekklesiya ta sayi kayan da ba su lalace ba.

Muna ba dattawan kowace ekklesiya shawara su fitar da kuɗi kaɗan daga asusu, su saya wa mai bishara fulogi ɗaya na ajiya, da sifanar fulogi, da sukudireba, da tocila. A ɗaure su cikin tsumma, a ajiye a akwatin kayan aiki na babur, ma'aji kuma ya rubuta su cikin littafin kayan ekklesiya.