Maƙwabciya ta riga ni sanin 'yata ta fara al'ada

Wasiƙar wannan makon daga Inugu ta fito, daga wata uwa 'yar Funtuwa da aure ya kai Kudu, inda maigidanta ke sayar da awaki a kasuwar New Artisan.

"Gwaggo, barka da aiki. Raina ne a ɓace. 'Yata ta fari, shekararta 9 da 'yan watanni, ashe ta fara ganin jini tun kafin azumi ban sani ba. Maƙwabciyarmu 'yar Ibo, mai shago a bakin gida, ita ta sani. Ita ta ba ta audugar mata, ita ta nuna mata yadda ake sawa. Ni da na haife ta sai a wajen shanya na ji, matar na tambayata wai ciwon marar yarinyar ya lafa? Kamar ƙasa ta tsage in shige. Me ya hana ta kira ni tun ranar farko? Ni ba uwa ba ce? Tun daga nan ban ƙara sakar mata fuska ba. Babanta ya ce a mayar da ita Funtuwa wajen Hajiya kakarta. In je in yi wa matar magana, ko in bar ta da halinta?"

Amsar Gwaggo:

Wannan baiwar Allah ta cika takarda da maƙwabciya, amma ko sau ɗaya ba ta tambayi abin da ya sa yarinya 'yar shekara 9 ta ga jini a jikinta, ta tsallake ɗakin uwarta, ta nufi shago ba. Amsar tana cikin wasiƙar: 'yar fari ce.

A Funtuwa, uwa takan yi alkunya ga 'yar fari, ba ta kiran sunanta, ba ta jan ta da hira, kuma yarinya ba ta rasa mai kula da ita, domin akwai kaka a ɗakin tsakiya, akwai gwaggo, akwai matar baffa. Su ke lura ƙirji ya fara tasowa, su ja ta gefe. A Asata ta Inugu, ko Diyobu ta Fatakwal, ko gidajen haya na Onica, ɗaki ɗaya ne da falo, banɗaki na gida duka, kaka kuma tana can tafiyar yini guda a mota. Iyaye mata da yawa sun ɗauko alkunyar sun taho da ita, masu yin aikin kuwa suna gida. To wa zai yi? Wannan karon mai shago ta yi, kuma ta yi da kyau. Godiya ta cancanta, har da ɗan turmin atamfa idan da hali.

Akwai abin da ya fi wannan gaggawa, wanda uwar ba ta ambata ba sam: yaushe nonon yarinyar ya fara fitowa? Likitocin yara sun ɗauki shekara 8 zuwa 13 a matsayin lokacin da balaga ke farawa ga 'ya mace, kuma al'ada takan zo wajen shekara 2 bayan ƙirgar dangi. Wadda ta ga jini tana da 9, mai yiwuwa jikinta ya fara sauyawa tun tana da 7, kuma wannan ya yi wuri. Sau da yawa ba a samun wata cuta a bayansa, amma yakan sa tsawo ya tsaya tun yarinya ba ta kai inda za ta kai ba. Likita kan ɗauki hoton ƙashin hannu ya ga ko ƙashin ya wuce shekarunta. Idan kuwa jini ya zo alhali ƙirji bai motsa ba, wannan ba abin jira ba ne, domin yana iya zama rauni, ko cuta, ko wani ya taɓa ta. Asibitin koyarwa na Parklane yana cikin gari, na Jami'ar Najeriya kuma yana Ituku-Ozalla. A kai ta sashen yara a wannan makon.

Sai azumin da ya wuce. Yarinyar nan ta yi shi cikin ruɗani, ba ta san wankan tsarki ba, ba ta san ana rama azumi ba a rama salla ba. Babin haila yana nan cikin Ahalari da ake karantarwa a Islamiyya. Uwar ta buɗe shi su karanta tare, idan bakinta ya yi nauyi ta roƙi malama ta zauna da su, amma ita ma tana wurin.

Sauran aikin hannu ne. Auduga biyu da wandon ciki a aljihun jakar makaranta, a canza duk bayan awa 4 zuwa 6. Leda baƙa ta naɗewa, saboda banɗakin haya. 'Yar shimi mai kauri a ƙarƙashin rigar makaranta. Hanta, wake da ganyen ugu na kasuwar Ogbete saboda jini. A gaya mata cewa a shekarun farko al'ada kan tsallake wata, kada ta tsorata.

Kuma a tuna har yanzu yarinya ce mai wasan 'yar tsana. Kada a fara yi mata kashedin maza da tsawa kamar ta yi laifi. Uwar ta zaunar da ita bayan isha'i, babanta ba ya ɗakin, ta fara da tambayarta ko marar na ciwo har yanzu, da kuma ranar da jinin ya zo na ƙarshe, su rubuta a kalanda don a nuna wa likita.