Aiki a Fili Lokacin Hunturu: Yadda Za Ka Riƙe Ɗumin Jikinka

Duk wanda ya taɓa fita da asuba a Daura cikin watan Janairu ya san sanyin jaura. Ka tsaya bakin hanyar Kwangwalam ko ta Zango da ƙarfe shida, za ka ga birkiloli da leburori da masu walda sun takure a bayan mota, kowa ya cusa hannu a hammata. Gobe mu ne a wurin, musamman 'yan sashen gine-gine da lantarki da kanikanci, ko lokacin SIWES ko bayan kammala karatu. Ga aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ya ratsa ta Daura, ga gine-gine ko'ina. Shi ya sa ya kamata mu fahimci abin tun muna aji.

Me ke kawo sanyin?

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iska busasshiya ke tasowa daga arewa maso gabas, daga Sahara. Mafi yawan ƙurar da take ɗauko mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take. Da yake babu gajimare kuma babu laima a iska, zafin da ƙasa ta sha da rana yana tserewa sama da dare. Saboda haka da asuba ma'aunin zafi kan sauka kusan digiri 12 ko 13 na Selsiyos, da azahar kuma ya haura kusan 30. To ka ga matsalarmu ta bambanta da ta ma'aikatan Kanada ko Rasha masu fama da ƙanƙara. Mu a yini ɗaya muke shiga yanayi biyu, kuma kayan da suka yi maka daidai da ƙarfe bakwai su ne za su jiƙa ka da gumi da sha ɗaya.

Ta ina ɗumi ke fita?

Zafin cikin jikin mutum yana kusan digiri 37. Idan ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. A wurin aiki hanyoyi uku ne suka fi kwashe shi.

Ta farko iska. Jikinka yana ɗumama siririn iskar da ke manne da fata, kaɗawar iska kuma tana share ta. Shi ya sa mai kafa kwano a saman rufi da ɗan acaba suka fi mai aiki a gindin bango jin sanyi, alhali ma'auni ɗaya ne.

Ta biyu ruwa. Ruwa ya fi iska saurin janye zafi har wajen ninki 25. Mai kwaɓa kankare da mai buga bulo da mai ban-ruwan noman rani duk a nan suke faɗawa. Busasshiyar iskar hunturu tana busar da rigar da ta jiƙe nan da nan, kuma da zafin jikinka take busar da ita.

Ta uku taɓa abu mai sanyi: rodi, bututu, tsani na ƙarfe, ko zama a kan daɓen siminti.

Idan jiki ya ji sanyi, jijiyoyin jini na yatsu suna tsukewa don a tattara ɗumi a ƙirji da ciki. Yatsu su yi nauyi, riƙo ya yi rauni. A nan asalin haɗarin yake. A Daura sanyin kansa ba kasafai yake kashe lafiyayyen matashi ba, amma guduma da ta suɓuce daga sama, ko hannun da ya kasa riƙe tsani, yana iya yi.

Sutura: hawa uku

Maimakon jibgegiyar jaket ɗaya, sa kaya hawa-hawa. Na ciki mara nauyi da ke bin jiki. Na tsakiya suwaita, wadda ke tare iska mai ɗumi a saƙarta. Na waje riga mai kauri da iska ba ta ratsawa. Duka ukun ana samu a gwanjo da kuɗi kaɗan. Dabarar ita ce ka cire ɗaya tun kafin gumi ya fara, ka mayar idan ka zauna hutawa. Ka ajiye busasshiyar riga da safa a leda don canji.

Rufe kai da kunne da wuya. Ba a banza Buzaye ke naɗa rawani ba, yana tare sanyi da ƙura lokaci guda. Amma a wurin gini hular sanyi siririya za ka sa a ƙarƙashin hular kwano, ba a madadinta ba. Takunkumi kuma yana rage ƙurar da kake shaƙa.

A kula da waɗannan:

Mai walda kada ya sa jaket na leda ko roba. Tartsatsi yana narkar da shi ya manne da fata. Auduga mai kauri ko fata ita ce daidai.

Kusa da injin yankan ƙarfe ko injin kwaɓa kankare, ban da mayafi mai reto da hannun riga mai faɗi. Injin da ke juyawa yana iya fizgar har safar hannu.

Mai aikin siminti ya sa safar hannu ta roba da takalmin ruwa. Jiƙaƙƙen siminti yana cin fata, idan ya haɗu da kaushi da faso sai ciwo. Bayan aiki a wanke hannu, a shafa man kaɗanya ko basilin.

Ciki da ƙishirwa

Abinci shi ne makamashin jiki. Kada ka hau aiki da cikin wofi don kana sauri. Koko da ƙosai, kunun gyaɗa, ko shayi da burodi sun isa su tayar da kai. Ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, domin busasshiyar iska tana zuƙe ruwan jiki ta numfashi. Masu sikila su ninka kula, sanyi da ƙarancin ruwa suna tayar musu da ciwo. Masu asma kada su bar maganin shaƙarsu a gida.

Sai maganar da ba a son yi. A wasu wuraren aiki za a ce maka ga ƙwaya ko sigari, «tana kore sanyi». Taba ƙara tsuke jijiyoyin yatsu take yi. Ƙwaya irin tiramol kuwa ɓoye maka gargaɗin jikinka take, ta rage maka natsuwa kana saman gini.

Wuta da gawayi

Jin ɗumi a fili ba laifi, muddin an yi nesa da fetur, fenti, katako da tukunyar gas. Kada a ƙona taya ko leda, hayaƙinsu guba ne. Babban haɗari shi ne shigar da kaskon gawayi ko janareta ɗaki a rufe ƙofa da taga, kamar yadda masu gadi da masu kwana a wurin aiki kan yi, har da wasunmu a ɗakunan haya. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuma ba lallai ya farka ba. Idan kun tarar da wani a haka, ku fito da shi iska, ku garzaya asibiti.

Idan abokin aiki ya jigata

Makyarkyata mai tsanani, magana tana harɗewa, tuntuɓe, ko ruɗewa, alamu ne na cewa zafin jiki ya sauka. A kai shi inda iska ba ta bugawa, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe ƙirji da kai. Idan yana cikin hayyacinsa a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari. Kada a kara shi da wuta. Idan bai dawo daidai ba, sai asibiti.

In wata rana kai ne mai kula da aiki, tsara yinin da hankali: aikin ruwa da hawa sama a bari rana ta ɗan ɗaga, aikin cikin gini a fara da shi da sassafe. Kuma ka tuna iskar da ke busar maka da leɓe tana busar da sabon kankare kafin ya yi ƙarfi, don haka a rufe shi, a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya kai mu bazara lafiya.