Darasi na Goma Sha Biyu: Baƙo a Birnin Kano

Gabatarwa

Hausawa na cewa, "Tafiya mabuɗin ilimi." Wata rana karatu, ko fatauci, ko aikin bautar ƙasa zai raba ka da garinku, ya kai ka inda ba ka san kowa ba. A wannan darasi za mu raka ka daga Legas zuwa Kano, domin ka ga abin da ke jiran baƙo, ka kuma koyi yadda zai zama ɗan gari. Karanta a tsanake.

A kan hanya

Tsakanin Legas da Kano akwai tafiyar kilomita kusan 1,000. Idan mota ta bi tsohuwar hanya, za ka wuce Ibadan da Ilori, ka haye kogin Kwara a gadar Jebba, sannan ka nufi Kaduna da Zariya. Kada ka yi barci duk tsawon hanya, domin ƙasar da kanta malama ce. Sannu a hankali kurmi zai ja baya, itatuwan kwakwar manja su ɓace, ka fara ganin kaɗanya da ɗorawa da kuka tsaitsaye a cikin gonakin dawa da gero. Sararin sama zai buɗe, har ka hango ƙauye da rumbunansa daga nesa. A tasha kuma za ka ji masu talla sun sauya harshe. Nan ne Hausar da ka koya a aji za ta fara yi maka rana.

Isowa

Abu na farko da zai tarbe ka shi ne yanayi. Idan ka zo da hunturu, wato daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hazo zai rufe gari, leɓɓanka su bushe, sanyin asuba ya sa ka nemi bargo. Idan kuwa da bazara ka zo, zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40. Na biyu shi ne hayaniya: ga baburan adaidaita sahu masu ƙafa uku, ga 'yan dako, ga kiran salla daga kowace kusurwa. Kada gabanka ya faɗi. Kowane baƙo haka ya ji a ranarsa ta farko.

Kano tsohon gari ne, ya kuma daɗe da sanin baƙi. A cikin badala akwai Dutsen Dala, da marinar Ƙofar Mata, da Kasuwar Kurmi wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Fatake daga ƙetaren hamada sun ci wannan kasuwa shekaru aru-aru. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, mutanen kudu suka yi ta zuwa aiki da ciniki, suka zauna a Sabon Gari. Haka su ma Hausawa suka zauna a unguwar Sabo ta Ibadan da Agege ta Legas. Ka ga ke nan baƙunta ba a kanka aka fara ta ba.

Zama

Samun ɗaki ba shi ne samun wurin zama ba. Mutum yana iya shekara a unguwa, amma idan ba ya gaisuwa, ranar da ciwo ya kwantar da shi ba wanda zai san ba ya nan. Mabuɗin gari shi ne gaisuwa. Bahaushe ba ya fara tambaya sai ya gaisa, ko da sauri yake yi. Ka kira dattijo "Baba", dattijuwa "Mama" ko "Hajiya", wanda ba ka san matsayinsa ba kuma "Malam". Ka rusuna wa babba, ka ba da abu ko ka karɓa da hannun dama.

Ka kuma kula da ƙofar gida. A yawancin gidajen cikin birni, namiji baƙo ba ya wuce zaure. Ka tsaya, ka yi sallama, ka jira a amsa. Idan ka ga an rubuta "Ba shiga", ba korarka ake yi ba, mutuncin iyali ake karewa. Idan maƙwabci ya aiko maka da tuwo da miyar kuka, ko gurasa, ko fura da nono, ka karɓa da godiya ko da bakinka bai saba ba. Za ka yi kuskure a magana, yara ma su yi dariya. Ka yi dariyar tare da su, ka sake gwadawa. Wanda ya ce "Ina kwana?" da karkataccen harshe ya fi wanda ya wuce shiru samun karɓuwa.

Tattaunawa

Baƙo: Salamu alaikum. Baba, ina wuni?

Dattijo: Wa alaikumus salam. Lafiya lau, ɗana. Ina gajiya?

Baƙo: Ba gajiya. Baba, ni baƙo ne, jiya na iso daga Legas. Don Allah ina ne gidan mai unguwa?

Dattijo: Sannu da zuwa. Ka miƙe nan, in ka wuce masallaci ka juya dama. Tsaya ma in haɗa ka da yaro ya raka ka.

Baƙo: Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri.

Dattijo: Amin. Ai matambayi ba ya ɓata.

Ma'anar kalmomi

1. Badala: katangar ƙasa da ta kewaye tsohon birni.
2. Marina: wurin da ake rina tufafi.
3. Fatake: 'yan kasuwa masu tafiya mai nisa.
4. Zaure: ɗakin ƙofar gida inda ake karɓar baƙi.
5. Rusuna: sunkuya kaɗan don girmamawa.

Nahawu: aikatau mai nuna tahowa

A Hausa, idan aikatau ya ƙare da wasalin "o", sau da yawa yana nuna cewa motsin ya nufo wurin mai magana. Dubi waɗannan:

fita, fito; shiga, shigo; sauka, sauko; aika, aiko; kai, kawo.

Wanda ke cikin ɗaki zai ce maka, "Shigo." Wanda ke waje tare da kai kuwa zai ce, "Shiga." Saboda haka, kafin ka zaɓi kalma, ka tambayi kanka: ina mai magana yake tsaye?

Tambayoyi

1. Waɗanne itatuwa ne ke nuna wa matafiyi cewa ya shiga arewa?
2. Wane sarki ne aka kafa Kasuwar Kurmi a zamaninsa?
3. Me ya kawo mutanen kudu Sabon Gari?
4. Me ya sa marubucin ya ce samun ɗaki ba shi ne samun wurin zama ba?
5. Bayyana ma'anar "Matambayi ba ya ɓata."

Aiki

(a) Cike gurbi da kalmar da ta dace:

1. Ina ƙasa ina jiranka, ka ______ daga mota. (sauka, sauko)
2. Ka ______ wa Baba wannan saƙo can gidansa. (kai, kawo)

(b) Kai da abokinka ku kwaikwayi tattaunawar da ke sama, amma baƙon ya tambayi hanyar asibiti.

(c) Rubuta wa mahaifiyarka wasiƙa mai jimla goma, ka ba ta labarin makonka na farko a wani gari da ka taɓa baƙunta. Ka yi amfani da aƙalla aikatau uku masu nuna tahowa.