Auna Aikin Kula da Masu Cutar Ƙanjamau Tare da Su Kansu: Yankin Kazaure da Babura

Babban binciken ƙasa na shekarar 2018, wanda aka sani da NAIIS, ya nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar da ke karya garkuwar jiki, alhali a Jigawa adadin ya tsaya a kashi 0.3, wato tana sahun jihohin da cutar ta fi ƙaranci. Wannan ƙaranci abin godiya ne, sai dai yana da nasa nauyin, domin a ƙauyukan Roni da Gwiwa, inda kowa ya san gidan kowa, mutum ɗaya da aka gani yana karɓar magani ya isa ya zama abin nuni, shi ya sa wasu suka gwammace su tafi Kazaure, ko ma Kano da Daura, don su ɓoye sirrinsu.

A irin wannan yanayi rajistar asibiti da rahoton wata-wata ba sa wadatarwa, domin suna ƙirga wanda ya zo da wanda ya daina zuwa, amma ba sa faɗin dalili. Awo na haɗin gwiwa, wato tsarin da masu cutar da masu jinyarsu ke zama tare da ma'aikatan lafiya su tsara tambayoyin, su tattara amsoshin, sannan su yanke hukunci a kan ingancin aikin, shi ke cike wannan giɓi, kasancewar mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tushensa ƙa'idar nan ce da taron Paris na 1994 kan cutar ƙanjamau ya amince da ita, ta shigar da masu cutar cikin duk shawarar da ta shafe su, kuma a Najeriya ƙungiyarsu ta NEPWHAN ce ke kan gaba wajen aiwatar da ita.

Wata hanya da ta karɓu ita ce katin ba da maki, wanda ƙungiyar CARE ta fara amfani da shi a Malawi a 2002: masu karɓar magani su ba da maki a kan abubuwan da su da kansu suka zaɓa, ma'aikata su ma su auna kansu daban, daga baya a haɗu a kwatanta. Abin da ke fitowa galibi ba ya cikin takardar hukuma: kuɗin acaɓa daga ƙauye lokacin damina, rashin abincin da za a sha magani a kansa, matar da ke kulle wadda sai da izinin miji za ta fita, ɗan cirani da maganinsa ya ƙare yana Legas, da kuma, a Babura mai iyaka da Nijar, masu jinyar da ke kai da komo tsakanin ƙasashen biyu.

Inda masu wannan aiki suka fi tuntuɓe shi ne wurin zaman. Kiran taro a ƙofar fadar dagaci, wanda ya dace da batun rijiya ko allurar rigakafi, a nan tonon asiri ne, kuma dokar hana tsangwamar masu cutar ta 2014 ta haramta bayyana matsayin mutum ba da yardarsa ba. Abin da ya fi shi ne ƙananan zama, mata daban maza daban, wanda ɗaya daga cikin masu cutar ke jagoranta, ba a rubuta suna. Hakimi da limamai da kwamitin raya mazaɓa sai a kai musu sakamakon a dunƙule.

Tun da Amurka ta dakatar da tallafinta na waje a Janairun 2025, ya bayyana a fili cewa dogaro da kuɗin baƙi ba shi da tabbas. Wajibi ne hukumar yaƙi da cutar ta jihar Jigawa, JISACA, da ƙananan hukumomin nan huɗu, Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, su sanya kuɗin wannan awo a kasafinsu, kuma su riƙa komawa ga waɗanda suka ba da makin su sanar da su abin da aka gyara.